Mai Canza Gyale

Duk layin babu wanda ke kiranta da sunan yanka. Mai Ido ake ce mata, kuma ba don idanun nata sun fi na kowa girma ba. Sana'arta ɗaya ce, ta shirya mace cikin launi ɗaya tun daga ɗankwali har takalmi. Wanda bai sani ba sai ya ce ai wannan aikin malalaci ne, a ɗauko kore a ɗora a kan kore. To, ya je ya gwada. Kore kaɗai ya fi 'ya'yan babban gida yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ka haɗa biyu da ba su dace ba, sai mace ta fito kamar wadda ta yi aron kaya daga gidaje uku.

Mai Ido tana da ƙa'idojinta. In riga tana sheƙi, gyale ba zai yi ba. In zani leshi ne, ɗankwali sai lallausan yadi marar ado. Kafin ta taɓa yadi ma sai ta ƙare wa mai kayan kallo, don ta ce launi ɗaya ƙarya ne, kullum biyu ne, na yadi da na fatar mai sawa. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce ba ta yanke hukunci a ƙarƙashin fitila. Sai ta kwaso kayan ta fito bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, ta jera su a hannunta na hagu, ta runtse idon hagu gam, ta duba da na dama. Haka take yi tun tana budurwa. In aka tambaye ta dalili sai ta ce, "Ido biyu gardama suke yi. Ɗaya ne alƙali."

Ita da kanta ce allon tallar shagon. Kullum cikin launi ɗaya take fitowa daga gida, ta tako layin a hankali don kowa ya gani. Tsohon da ke sayar da zare a jikin shagonta kuwa bai taɓa fashin gaisuwarsa ba.

"Mai Ido, yau ma an fito sak."

"Sai ka faɗa, Mai Zare?"

A cikin shagon akwai ƙanwarta Auta, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai Ido ce ta goya ta, ita ta aurar da ita, ita ta ɗora ƙafarta a kan keken ɗinki. Rabon aikin a fili yake, Yaya ta zaɓa, Auta ta ɗinka ta goge ta ninke. Shekara da shekaru babu wanda ya taka gonar wani.

Abin ya fara ne da gyalen matar mai kemis. Matar ta leƙo wata safiya cikin kayan ruwan hanta da aka haɗa mata, bakinta har kunne, tana cewa duk inda ta bi sai an tambaye ta wa ya shirya ta. Mai Ido ta yi murmushi, ta kai hannu ta gyara mata gyalen a kafaɗa. Nan hannun ya tsaya. Wanda ta zaɓa bakinsa naɗaɗɗe ne. Wannan kuwa yana da 'yar geza siririya. Hannu ba ya mantuwa. Ta bari sai da matar ta fita.

"Auta, wancan ba gyalen da na ware ba ne."

Keke bai tsaya ba. "Wancan zare ya ja a gefensa, Yaya. Shi ya sa."

"Yana ina?"

"Yana nan cikin kaya."

Da Auta ta fita sayen abinci, Mai Ido ta bi kantar gyaluluwa ɗaya bayan ɗaya. Ta same shi can ƙasa, an ninke shi an danne da wasu. Ta ware shi, ta bi bakinsa da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu zaren da ya ja. Ta mayar da shi yadda ta same shi, ta zauna, zuciyarta ba daɗi. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ruwa ma ba ya tsami banza.

Daga ranar ta fara saka alama. Duk abin da ta zaɓa sai ta faki ido ta ƙulla ɗan farin zare a kusurwarsa ta ciki, ƙulli ɗaya da ba mai gani sai wanda ya sani. In kaya suka fita, sai ta bi kanta da laluben yatsa. Ba kullum ba, amma sau da yawa sai ta ji ƙullin yana nan. Yau ɗankwali, jibi gyale, wata rana ma har shafin cikin riga. Kayan sun tafi, zaɓinta ya kwana a shago.

Da farko ta ɗauka sata ce irin ta ƙananan mutane, a cire mai tsada a saka mai araha. Da ta bincika sai ta ga ba haka ba ne. Wani lokacin ma wanda Auta ta saka ya fi nata daraja. Wannan shi ya fi tayar mata da hankali. Ɓarawon da bai ɗauki abin da ke kan tebur ba, ai abin da ke cikin ɗaka yake hari.

Ta fara lura da abubuwan da a da ba ta kula da su. Auta ta daina ba mai babur saƙo, ita ke kai kaya da kanta. In Mai Ido ta fito bakin ƙofa ta runtse ido, sai ta ji keke ya yi shiru a bayanta, in ta waiwaya sai ya ci gaba. A ƙarshen layin akwai wani shago da ya daɗe a rufe, yanzu ana masa fenti, kuma wata rana da idonta ta ga Auta a tsaye a ƙofarsa tana hira da mai fentin. Biri ya fara kama da mutum.

Sai kuma maganar Mai Labarai. Wannan ita ce babbar mai sayen kayansu, matar da ke karanta labarai a talabijin. Ba ta taɓa ambaton shagon a iska ba, amma mata ba sa bukatar a gaya musu. Duk launin da ta fito da shi, kafin mako ya zagayo an zo nemansa. Rabin sunan Mai Ido a kafaɗar matar nan yake rataye. A da takan zo ta zauna a sha shayi, a yi ta baje yadi ana gardama. Yanzu ta rage zama, in ta kira waya kuma ta Auta take kira. Wata rana Mai Ido ta shiga bayan labule ɗauko almakashi, ta tarar da Auta ta juya baya, waya a kunne, murya ƙasa ƙasa.

"Ki bar shi a hannuna. Ba sai ta sani ba."

Mai Ido ta koma da baya ba tare da almakashin ba. Abin ya yi mata ciwo, ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba ko ranar da aka fasa musu shago. Yarinyar da ta yi wa wankin tsumma. Wato dabarar ke nan, a riƙa cusa wa mutane zaɓin Auta da sunan Yaya, in sun saba sai a buɗe baki a ce ai dama hannuna ne kuke yabo, ga sabon shago can a ƙarshen layi. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ta gwada Mai Zare. Ta tsaya a gaban teburinsa tana jujjuya wani ƙwarƙwaron zare kamar mai ciniki.

"Auta tana dawo maka da zaren da na saya ta canza, ko?"

Tsohon ya sosa gemu, ya kalli titi. "Ni zare nake sayarwa, Mai Ido, ba labari ba."

"Ashe da kai a ciki."

"A cikin me?"

Ta ajiye masa zarensa ta shige.

Abin da ya ƙarasa tabbatar mata shi ne ranar da Auta ta ce, tana goge wata riga, ba ta ko ɗago kai ba, "Yaya, da kin daure kin je an duba miki ido. Na ga kina yawan murza shi."

"Idona ne ya tsone miki naki?"

"A'a, dama cewa na yi..."

"To riƙe cewarki."

Ga shi nan, har an fara shirya abin da za a gaya wa mutane, Yaya ta tsufa, ido ya tafi. Ita ta san abin da ya lalace, kuma ba idonta ba ne. Ƙwan fitilar da ake sayarwa yanzu ba shi da haske. Masu rini sun daina tsoron Allah. Ko farin bangon da ke tsallaken titi, wanda aka yi wa fenti bara, har ya koma ruwan madara don rashin ingancin kaya. In wani lokaci ta buɗe ido biyu ta ji kamar launuka suna mata musu, to ai dama ta faɗa, shi ya sa ake da alƙali.

Ana nan sai babban aiki ya zo. Gidan talabijin zai yi wani gagarumin shiri, Mai Labarai ce za ta jagoranta, kuma wannan karon ba a bayan tebur ba. A tsaye za ta yi shi a kan dandamali, a gan ta daga sama har ƙasa. Shuɗi mai duhu take so, shi kaɗai. Mai Ido ta ce a ranta, nan ne Auta za ta yi yankan ƙarshe, kuma nan ne zan riga ta.

Auta ta ɗinka rigar, doguwa, ta siliki mai nauyi. Ranar da za a zo karɓa, da hantsi, Mai Ido ta ce mata, "Je ki babbar kasuwa ki nemo mini maɓallai irin na lu'ulu'u. Kada ki dawo sai kin samu ƙananan."

"Yau, Yaya? Ai yau za a zo karɓar kayan."

"Na sani. Da kika zo duniya a shagon nan kika same ni ko a waje?"

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Mai Ido ta leƙa har ta ga ta sha kwana. Sannan ta shiga aiki, cike da ɗoki. Ta kwaso duk abin da ke da dangantaka da shuɗi mai duhu ta fito bakin ƙofa. Ta ɗora rigar a hannu, ta runtse idon hagu. Ɗankwalin karan-miski, don ya sha hasken da silikin ke fitarwa. Gyale marar nauyi, mai kama da hayaƙi. 'Yar jakar hannu. Takalmi. Ta jera su, ta matsa, ta sake dubawa. Sak. Rabon da ta ji daɗin aiki haka har ta manta. Ta ninke komai da hannunta, ta saka a jaka, ta zuge, ta rungume ta a ƙirji ta zauna jiran mota.

Ba motar ce ta fara zuwa ba. Auta ce, hannu biyu babu maɓalli ko ɗaya.

"Ina saƙona?"

"Ban je ba. A bayan shagon mai gyaran waya na tsaya." Idonta na kan jakar. "Yaya, ba ni in gani."

"Ki gani ko ki canza?"

Mai Ido ta ƙara ƙanƙame jakar.

"Kin ɗauka ban sani ba? Gyalen matar mai kemis. Ɗankwalin malamar asibiti. Duk wanda kika cire daga baya akwai ƙullina a jikinsa, je ki duba. Na ji ki a waya. Na gan ki a ƙofar sabon shagon. In shago kike so, da baki za ki faɗa, ni zan saya miki keke. Amma ki zauna a inuwata kina sare ni ta ƙasa?"

"Mai fentin ƙanin mijina ne, Yaya. Gaisawa muka yi."

"Komai kina da amsarsa."

Daidai nan mota ta tsaya a tsallaken titi, aka danna hon sau ɗaya. Mai Ido ta miƙe da jakar. Auta ta riga ta zuwa ƙofa, ta dafa wannan gefe da wancan. Tunda take, ba ta taɓa tare wa yayarta hanya ba.

"Ba za ki fita da jakar nan ba."

"Matsa."

"Ki mare ni in kin ga dama. Amma ki buɗe ta a nan, cikin rana. In kin duba kin ce sak, wallahi ni zan kai mata da hannuna, gobe kuma ba za ki sake ganina a shagon nan ba."

Wannan alkawarin ne ya sa Mai Ido ta yarda. Ta zuge jakar da ƙarfi, ta zaro kayan, ta jera su a hannun hagu a bakin ƙofar. Ta runtse ido kamar kullum. Launi ɗaya ne, kamar daga tukunya ɗaya aka tsamo su.

"Sak," ta ce. "Sai ki tattara naki ya naki."

"Yaya." Muryar Auta ta yi ƙasa. "Rufe ɗayan."

"Me?"

"Na daman. Ki duba da na hagu. Sau ɗaya."

Ta so ta yi tsaki. Amma idon dama bai ma san yadda ake runtse shi shi kaɗai ba, sai da ta sa tafin hannu ta rufe shi. Ta buɗe na hagu.

Abin da ta fara gani ba kayan ba ne. Bangon tsallaken titi ne, fari fat, har yana kashe ido. Sannan ta sunkuyar da kai. Rigar shuɗiya ce mai duhu, kamar yadda aka nema. Ɗankwalin baƙi ne wuluk. Gyalen yana da ja a cikinsa, shunayya ce sosai, irin wadda ko yaro zai nuna da yatsa. Jakar hannun kuwa ta fi kusa da kore.

Ta sauke hannu ta rufe na hagu. Launi ɗaya, bango ruwan madara. Ta mayar. Gidaje huɗu, kowa da nasa. Ta sake, ta sake. Babu abin da ya canza. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsantsa, sannan kunya ta biyo baya ta danne shi.

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara. Masu haske ba ki kuskure. Masu duhu ne, da shuɗi, da duk abin da ke da ja a ɓoye."

"Mai Labarai ma ta sani?"

"Sau ɗaya kaya suka je mata haka. Sai ta kira ni. Ta ce kada a gaya miki, ta ce ke kika fara shirya ta tun ba ta da komai."

"Shi ne kuka mayar da ni..." Ba ta ƙarasa ba.

"Na gwada faɗa miki, Yaya. Kin ce in riƙe cewata." Auta ta share ido da bakin gyalenta. "An ce irin wannan yanar ido ce, ana cirewa. Mahaifiyar mai kemis ma an cire mata, ga ta nan tana zura allura."

Aka sake danna hon, a hankali, irin na mai haƙuri. Auta ta wuce bayan labule ta fito da wata leda. A ciki akwai ɗankwalin karan-miski, da gyale marar nauyi, da 'yar jaka. Tun jiya ta ware su. Irin yadin da Yaya za ta zaɓa ne, irin sheƙin, irin nauyin, babu ƙa'ida ɗaya da ta karya. Mai Ido ta ɗora su a kan rigar, tafin hannunta a kan idon dama. Ta daɗe tana kallo, tana neman aibi, don har yanzu akwai sauran abin a ranta. Ba ta samu ba.

"Takalmin fa?"

"Takalmin daidai ne. Naki ne."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke kayan da kanta, ta zuge jakar, ta yi taku ɗaya zuwa waje. Sai ta tsaya. Hannunta ya koma kan idon dama, ta sunkuya ta dubi jikinta. Da safen nan baƙi ta saka daga sama har ƙasa, ta tako layin a hankali kamar kullum. Rigar baƙa ce. Zanin shuɗi ne mai duhu. Gyalen da ke kafaɗarta ruwan ƙasa ne da ya ƙone.

Ta ɗago ta kalli ƙanwarta.

"Naki ne kaɗai na kasa canzawa," in ji Auta. "Daga gida kike fitowa da su."

Mai Ido ta miƙa mata jakar. "Kai mata."

Auta ta tsallaka titi. Gilashin motar ya sauka, Mai Labarai ta ɗago hannu tana murmushi, Mai Ido ta ɗaga nata daga cikin inuwar ƙofa, ba ta fito rana ba. Ta bi layin da idon hagu, mai gyaran waya, mai wanki da guga, matan da ke shagon kitso. Kullum ta gabansu take wucewa. Babu wanda ya taɓa ko da tari.

Mai Zare, wanda ya makara da fitowa ranar, yana cikin baje kayansa a tebur. Ya ɗago ya gan ta.

"Mai Ido, yau ma an fito sak."

Ta juyo ta dube shi, hannunta har yanzu a kan ido. Tsohon ya ga hannun, ya ga idon da ke buɗe. Murmushin ya tsaya masa a fuska, ya sunkuyar da kai yana gyara zaren da ba ya bukatar gyara.

"Na gode, Mai Zare," ta ce. "Gobe kada ka faɗa."